Rijiyar unguwa mai tsawon mil 2,000

Duk jirgin da ya haura tudu a kanal ɗin Ingila, ruwan wani ya zubar. Kanal hanya ce da mutane suka haƙa da diga da shebur, suka daɓe cikinta da yumɓu don kada ƙasa ta tsotse, sannan suka nemo ruwa daga wani wuri suka zuba. A can saman tudu akwai madatsu da ke tara ruwan sama, ana ɗura wa hanyar kaɗan-kaɗan. In jirgi zai hau ko zai sauka, sai ya shiga wani dogon rami na bulo mai ƙofa gaba da baya, shi ne lok. A rufe ƙofofi, a sako ruwa daga sama, jirgi ya taso. Ko a zuƙe ruwan zuwa ƙasa, jirgi ya sauka. Ko wanne aka yi, cikin lok guda na ruwa ya gangara ke nan, kuma ba zai dawo don kansa ba. Siririn lok kan sha abin da ya kai lita 100,000 a cika ɗaya. In ka auna da jarkar 'yan garuwa mai lita 25, jarka 4,000 ke nan, don kawai jirgi ɗaya ya ɗaga ƙafa bakwai ko takwas.

Shekara guda muka yi a kan wannan ruwa, ni da mai ɗakina. Wani abokin aikina ne aka tura ƙasar waje, ya bar mana jirginsa amana. Tsawonsa ƙafa 57, faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, domin siririn lok ƙafa bakwai ne da ɗan ɗoriya. In ka tsaya a tsakiyar ɗaki ka miƙe hannu biyu, bango da bango kake taɓawa. Jirgin ba shi da mazaunin dindindin, kuma wata doka ta 1995 ta ce irinsa kada ya wuce kwana 14 a wuri guda. Saboda haka muka yi ta zagaye: daga Braunston zuwa Bamingam, muka gangara Worcester, muka haura arewa har cikin Wels, sannan muka biyo ta Stoke muka dawo. Gudu kuwa mil huɗu a awa ne iyaka, kuma ba kasafai ake kaiwa ba. Tsohuwa mai yawo da kare takan wuce ka a turbar gefe, ta juyo ta gaishe ka.

'Yan'uwa a gida in sun tambaye ni me ya fi burge ni, hoton gada da tsaunuka suke jira. Akwai su, zan zo kansu. Amma abin da ya zauna mini a rai bakin lok ne, domin tun makon farko na gane wurin. Rijiyar unguwarmu ce.

Wanda ya tashi a unguwar da rijiya ɗaya ke shayar da gidaje da yawa ya san abin da nake nufi. Gungumen da aka gitta a baki, igiya ta ci shi ta yi masa zane-zane. Guga na robar taya. Layin tuluna da bokitai tun asuba, kowanne yana riƙe wa mai shi wuri ko da ta koma gida ɗora sanwa. Ba allon da aka rubuta doka, amma ƙaramin yaro ya haddace ta: ba a tsallake layi, ba a jefa guga mai datti, ba a wanki a baki, wanda ya ja na ƙarshe shi ke mayar da murfi. In tsohuwa ta zo da tulunta, kai za ka ja mata. Labarin da ba a ji a bakin rijiya ba kuwa, bai faru ba.

To haka bakin lok yake, har da tsegumin.

Abu na farko, ka duba ruwan wa ne. In ka zo daga sama ka tarar lok ba ruwa, ga kuma wani jirgi can yana tahowa daga ƙasa, to lok ɗin nasa ne, ko da ka riga shi isowa. Ka buɗe masa ƙofa ya shiga, ruwan da zai ɗaga shi shi ne zai sauke ka. In ka yi azarɓaɓi ka cika lok don kanka, ka ɓarar da ruwan jama'a, kuma labarinka zai riga ka isa gari na gaba. Turawa ba sa tsinuwa a fili irin ta matan unguwarmu. Murmushi za a yi maka, a ce da alama yau kana sauri. Wanda ya san su ya san an gama da shi.

A Hatton, kusa da Warwick, lok 21 ne a jere, masu faɗi, waɗanda aka sake ginawa a shekarun 1930 don su ɗauki jirgi biyu kafaɗa da kafaɗa. Ba a son ka shiga kai kaɗai in akwai mai zuwa. Muna ɗaure a ƙasa muna jiran abokin hawa, sai ga wani dattijo da matarsa a wani tsohon jirgi kore. Matan biyu suka riƙe sandar tuƙi, jirgi na gogar jirgi, mu maza muka sauka da mabuɗanmu. Mabuɗin ƙarfe ne mai kusurwa, da rami a kansa. Ka zura shi a sandar injin, ka yi ta murɗawa har murfin da ke ƙarƙashin ruwa ya ɗaga, ka ji ruwa ya fara ruri a cikin bulo. Daga nan sai jira. Ba ƙaton da zai buɗe ƙofar lok muddin ruwan ciki da na waje ba su daidaita ba; ko bambancin yatsa biyu ne, ƙofa ba ta motsi. In sun daidaita, sai ka ji dogon gungumen ƙofar ya saki da kansa a bayanka. Ka jingina ƙugu da shi, ka kafa dunduniya a bulon da aka jera a ƙasa don wannan aiki, ka yi ta ja da baya, ƙofar katako mai nauyin fiye da tan guda ta biyo ka sumul.

A cikin wannan jira ake hira, domin ba abin yi sai ita. Dattijon ya ba ni tarihin gwiwarsa da aka yi wa tiyata, da ɗansa na Ostareliya da ba ya kira, da wane famfo ne a gaba ruwansa ke tsiyaya, da wace gada ce ba a kwana kusa da ita. Kafin mu kai sama, inda in ka waiwaya kana hango hasumiyar cocin Warwick can ƙasa, mai ɗakina ta san sunayen jikokinsu kaf. Muka sha shayi, kowa ya kama gabansa, ba mu sake haɗuwa ba. Na yi shekaru a wani bene a Landan ban san sunan na ƙofa da ni ba. Ban jin halin mutanen ne ya bambanta. A bene kowa da famfonsa.

Har ƙugiya akwai. A unguwa in igiya ta tsinke guga ya nutse, gida ɗaya ne ke da ƙugiya, can ake aika yaro. A kanal mabuɗi ne ke suɓucewa ya faɗa ruwa, kuma duk inda jirage suka ɗaure ba a rasa mai maganaɗisu ɗaure da igiya. Aro ake yi, kuma mai shi ba ya miƙo maka ya koma ciki. Biyo ka zai yi yana ba da shawara, masu wucewa su tsaya, kowa ya zama gwanin lalube. Kafin a ciro mabuɗin an ciro cokali, da ƙusa, da kwaɗon wani.

Sai dai kada a zaci waɗanda suka haƙa wannan rijiya sadaka suka yi. Neman kuɗi ne. A 1761 mai sarautar Bridgewater ya buɗe kanal daga mahaƙar kwal ɗinsa a Worsley zuwa Mancesta, farashin kwal a garin ya faɗi kusan rabi, kowa ya ga riba, kamfanoni suka rufa. Kowane kamfani da ruwansa, kuma yana gadinsa fiye da kuɗin aljihunsa. A tsakiyar Bamingam, a matsayar jiragen Gas Street, har yau ana ganin wata siririyar katanga a cikin ruwa. Kamfanin kanal ɗin Bamingam ne ya sa aka bar ta, don kada sabon kamfanin da ke haƙa hanya zuwa Worcester ya sha masa ruwa. Shekara da shekaru jirgi kan zo wannan gefe, a sauke kaya, a ɗauka a tsallake katanga, a loda a wani jirgi a wancan gefe. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Sai a 1815 aka huda ta. A Autherley da Hawkesbury kuma mun ratsa lok ɗin da hawansa bai kai taƙi ba. Za ka sauka, ka murɗa mabuɗi, ka tura ƙofa, duk don 'yan inci kaɗan. Ba tudu ya sa aka gina su ba, iyaka ce tsakanin ruwan wane da ruwan wane. Kamfanonin sun mutu tuni, gwamnati ta karɓe hanyoyin a 1948, amma kishinsu yana nan da bulo da katako, mu kuma muna yi masa wahala.

Tardebigge ya fi ko'ina cin ƙarfina. Lok 30 ne a cikin mil biyu da ɗan abu, babu jerin da ya kai shi tsawo a ƙasar, kuma ba wurin kwana a tsakiya. In ka fara sai ka gama. A samansa akwai alamar tunawa da wata haɗuwa. A nan ne a 1945 Tom Rolt, marubucin da ke zaune a jirginsa Cressy, ya karɓi baƙuncin Robert Aickman, kuma daga hirarsu aka kafa ƙungiyar Inland Waterways Association a 1946. A lokacin jirgin ƙasa da manyan motoci sun ƙwace dako, kanal da yawa sun zama juji, hukuma na neman a cike su a huta. Irin waɗannan mutane, da 'yan sa-kai da suka shiga taɓo da shebur a ranakun hutu, su suka hana. Wanda ya taɓa ganin rijiyar da aka daina ja ya san ba ta daɗewa: yau a jefa gwangwani, gobe mushe, jibi a ce haɗari ce ga yara a cike ta.

Wani dare muka kwana tsakanin lok biyu a wani ɗan gajeren jeri. Gab da asuba mai ɗakina ta taɓa ni.

"Malam, tashi. Jirgin nan ya karkace."

Kofuna sun zame sun taru a gefe guda. Na leƙa da tocila, sai ga taɓo baƙi ƙirin yana wari, igiyoyin ɗauri sun miƙe kamar za su tsinke, ruwa ya koma ɗan siririn zare a tsakiya. Wani ne ya wuce da yamma ya bar murfin lok na ƙasa a ɗage, ruwan ya yi ta zurara dare guda. Duk wanda ke ɗaure a wurin ya fito, rigar barci da takalmin roba, aka rufe murfin, aka haura sama ana sako ruwa daga lok zuwa lok a hankali, don kada a gyara namu a ɓata na wasu. Ruwan da ya taso da mu bashi ne daga na sama. Ba wanda ya ga mai laifi, amma kafin rana ta fito an yanke hukunci: samarin nan ne na jirgin haya da suka wuce suna kiɗa. A unguwa ma kullum yaran sabon ɗan haya ne ke barin rijiya a buɗe, ko sun yi ko ba su yi ba.

Akwai kuma bazara. Mu mun ɗauka Ingila ba ta san ƙishi ba, tunda ruwan sama ba ya ɗaga mata ƙafa. Amma madatsun nan da yawansu an gina su ne wajen shekara 200 da suka wuce, kuma lokacin da jirage suka fi yawa shi ne lokacin da ruwa ya fi ƙaranci. A 2018 da 2022 an rufe dogon yanki na kanal ɗin da ya haɗa Leeds da Libaful saboda madatsu sun ja baya. A Agustan 2019 akasin haka aka gani: ruwan sama ya yi yawa, bangon madatsar Toddbrook ya fara zaizayewa, aka kwashe mutum wajen 1,500 daga garin Whaley Bridge, jirgin soja mai saukar ungulu ya yi ta jibga buhunan tsakuwa. Aka zuƙe madatsar don gyara, kanal ɗin da take shayarwa suka shiga shekarun ƙanfa. Mu namu rabon a Napton ya same mu, a kan kanal ɗin Oksfod, a ƙarshen lokacin zafi. An sa kwaɗo a lok, ba a buɗewa sai hantsi, a rufe tun kafin la'asar ta yi sanyi, don ruwa ya taru da dare. Jirage suka yi layi a gindin tudun da injin niƙa mai iska ke kansa. Ban ji ɗaci ba ko kaɗan. Na san zaman jiran ruwa ya taru, na san yadda guga ke fitowa rabi da yashi a watan Afrilu. Abin da ya ba ni dariya, har masu riƙe wa wani wuri a layi akwai.

Gadar da ake tambaya kuwa, Pontcysyllte ce, a Wels, kuma ta cancanci surutun da ake yi a kanta. Thomas Telford da William Jessop suka gina ta, aka buɗe a 1805. Kwami ne na ƙarfe, tsawonsa mita 307, an ɗora a kan ginshiƙan dutse mita 38 sama da kogin Dee. A gefe guda akwai turba da shinge. A ɗaya gefen ba komai, sai leɓen ƙarfe da ya ɗara ruwa da 'yan inci. Mai tuƙi yana tsaye a bayan jirgi, in ya kalli gefen ƙafarsa kan bishiyoyi yake gani. Mai ɗakina ce ta tuƙa, idonta ƙyam a gaba, bakinta na motsi. Ni da na ce zan ɗauki hoto, shinge na riƙe da hannu biyu. Amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne dalilin da ya sa gadar ke raye. A 1944 doka ta soke wannan hanya a matsayin ta sufuri. Abin da ya cece ta, tana ɗauko ruwa daga kogin Dee a saman Llangollen ta kai madatsar Hurleston, inda ake tacewa mutanen Cheshire su sha. Saboda haka ita ruwanta na tafiya, kana jin yana ture jirgi a kan gadar, kuma ruwan da kake shawagi a kai gobe yana cikin butar shayin wani.

Ramin Harecastle ba zan daɗe a kansa ba, don ban ji daɗinsa ba. Fiye da mil ɗaya da rabi ne a ƙarƙashin tudu, ruwan bakinsa ja ne saboda tsatsar tama, rufin yana sauka a tsakiya har sai ka duƙa, ruwa mai sanyi na ɗiga a ƙeya. Kusa da shi ga bakin tsohon ramin James Brindley na 1777, wanda ba shi da turbar doki. A da, kwanciya mutane ke yi a kan jirgi su taka bango da ƙafa har su fita. Allah ya jiƙan talaka.

A cikin jirgin ma lissafin ruwa bai ƙyale mu ba. Tanki ɗaya ne a ƙarƙashin gaba, ana cika shi da tiyo a famfunan da aka kafa jefi-jefi a bakin hanya. Mai ɗakina ta dawo da buta cikin gida, alwala ta koma yadda aka koya mana tun farko, ba ɓarna. Alƙibla ce dai ta ba mu aiki: kanal ɗin Brindley galibi zagaye tudu suke yi maimakon ratsa shi, jirgin da ya kalli gabas da azahar ya kalli arewa da la'asar, kowace salla sai an duba waya. Da sanyi ya kama, famfunan suka daskare, ƙanƙara ta rufe ruwa, da safe ka ji tana ƙara a jikin ƙarfe in agwagwa ta taka. Ba inda za a je, sai ɗaukar jarka a ƙafa. Murhun kwal ba ya mutuwa dare da rana, kuma akwai jirgin da ke yawo yana sayar da kwal da gas da man dizal. In aka jiyo bugun injinsa daga nesa kowa sai ya leƙo. Tsofaffin ma'abota ruwa in ka yi ƙorafi sai su ambaci sanyin 1962 zuwa 1963, da jiragen dako suka maƙale watanni a ƙanƙara, masu kaya suka koma mota ba su dawo ba.

Lokacin sanyi ne kuma lokacin yasa. Daga Nuwamba zuwa Maris ake rufe lok, a datse ruwa da katako, a kwashe kifi a mayar gaba, ma'aikata su sauka ƙasa. Na tsaya kallon guda. Abin da aka fitar ya haɗa da kekuna, da kwandon tura kaya na kanti, da taya, da wayoyin hannu. Ƙofar lok takan yi shekara wajen 25 kafin ta ruɓe, kuma ba biyu da awonsu ya zo ɗaya. Kowace sai an auna an sassaƙa mata sabuwa a Bradley ko a Stanley Ferry. Lok ɗin kuwa sun fi 1,500.

Nan ne rigimar da kowace unguwa ta sani ke tasowa: wa zai biya kuɗin yasa da sabuwar igiya? Tun 2012 wata gidauniya, Canal & River Trust, ke riƙe da mil 2,000 na hanyoyin nan a Ingila da Wels. Kuɗinta daga lasisin jirage yake zuwa, da hayar filaye, da tallafin gwamnati. A 2023 gwamnati ta sanar cewa daga 2027 tallafin zai riƙa raguwa. Gidauniyar ta ƙara kuɗin lasisi, ta kuma ɗora ƙarin wani kaso a kan jiragen da ba su da mazauni, irin namu. Masu mazauni suka ce daidai ne, ai masu yawo su suka fi shan ruwa da murɗa lok. Masu yawo, waɗanda da yawansu tsadar haya ce ta koro su kan ruwa, musamman a Landan, suka ce su ne ke kwana a hanyar, su ke fara ganin inda ya tsage su kai rahoto. Ni a ganina duka biyun sun manta da mafi yawan masu amfana: masu gudu, da masu keke, da masu kare, da masu kamun kifi, da gidajen da kanal ke kwashe musu ruwan sama. Turbar gefe kyauta ce ga kowa, saboda haka kuɗin kowa, wato haraji, ya kamata ya ɗauki kaso mai tsoka. Na faɗi haka a layin famfo a Braunston, wata mata mai jan tiyo ta ce in je in gaya wa ministan kuɗi.

Mai jirgin ya dawo a watan Maris. Muka miƙa masa makullai, da mabuɗan lok uku maimakon biyun da ya bari, don maganaɗisun aro ya ciro mana na wani. Takardar sabunta lasisi, da sabon farashi, ita ta fara tarbarsa a kan tebur.